Ramin Iskar Gungun Ƙirya

Ku ɗan kife wayoyin nan tukuna, tunda ku kuka tono zancen. Tun la'asar nake jin ku daga ɗaki, wai aikin da na yi ba aiki ba ne, yawon shan iska ne a jirgin sama. Kai Nasiru, muryarka ta fi ta kowa tashi. Ni ƙanen uwarka ne, ba zan ɓoye maka ba: da an ɗora ka a kujerar da na zauna, kafin a wuce Shanga ka dawo da tuwon jiya har da na shekaranjiya. Gobe da safe za ku bi jirgin ruwa zuwa Warra wurin ɗaurin auren abokinku, ko ba haka ba? To ku gyara zama, akwai abin da ya kamata ku ji kafin ku hau ruwan nan.

Lokacin muna cikin jihar Sakkwato, ba a yanke mana Kebbi ba. Dam ya riga ya tare kogin Kwara, tafki ya cika, an tashi mutanen tsibirai an zuba su a sababbin gidaje a bakin gaɓa. Manoma suka kama noman shinkafa a inda ruwa ke janyewa, jan-baki kuma ya samu wurin ci. Ku ba ku ga jan-baki na gaske ba. Ɗan tsuntsu ne da za ka rufe a tafin hannu, amma in garkensu ya taso sai rana ta dushe, in suka sauka a gona kuwa, kafin mai ita ya gama salati sun bar masa kara. Maganinsu ɗaya ne a wancan zamani: a gano inda suke kwana, a aika ƙaramin jirgi da almuru ya yi musu feshi.

Feshin nan guba ne. In iska na kwance, sai ya sauka a kan tsuntsaye kamar raɓa. In tana da gargada, tana hawa tana sauka tana murɗawa, sai ta kwashe shi ta kai inda ba a aike shi ba. Ya sauka a ruwa, kifi ya taso ciki sama. Ya sauka a ruga, shanu su kama dalala da rawar jiki. Saboda haka kafin jirgi ya ɗauki magani, dole wani ya fara bin hanyar da tanki wofi, ya auno gargadar sama, ya ce nan a yi, nan a dakata. Ni ne wannan mutumin, a kamfanin feshin da aka ɗauko wa yankinmu.

A hannun Malam Audu na koya, a tashar duba yanayi da ke bayan Yelwa. Gajeren mutum ne mai furfura har a gira, ba ya ɗaga murya, ba ya kuma maimaita magana. Na daɗe a wurinsa ban ko taɓa jikin jirgi ba. Aikina in cika balan-balan da gas, in sake ta, in kafa ido a madubin hange mai ƙafa uku in bi ta har ta zama ɗigo. Ido na ruwa, wuya na ciwo, ƙuda na yawo a leɓenka ba ka da hannun kora. In ta ɓace mini sai ya ce, "Hura wata," ya koma kan tabarmarsa. Ranar da na ce masa, "Malam, ta yi tsalle a can sama kamar an ture ta," ya tashi zaune ya ce, "Af, yau ka fara gani." A nan na gane sama ba shimfiɗaɗɗen fili ba ce. Tana da tudu da kwari da ramuka kamar hanyar Ngaski da damina, ido ne kawai ba ya ganinsu.

Kayan aikina a jirgi akwati ne na ƙarfe, bai fi akwatin rediyo ba, ana ɗaure shi da kusoshi a tsakanin ƙafafuna. A cikinsa akwai ɗan dunƙulen dalma rataye a sifirin, an haɗa shi da doguwar allura mai bakin tawada. Allurar na kwance kan takarda da aka naɗe a wata 'yar ganga, gangar kuma murɗa mata makulli ake yi kamar agogon bango, ta yi ta juyawa a hankali. In jirgi ya faɗa, allura ta ja layi ƙasa. In iska ta cilla shi, layi ya hau. Shi ke nan, ba lantarki ba komai, amma sai ka san halinsa. Tawada na bushewa da zafi, sai an ɗiga mata wani mai da Malam Audu ke ajiyewa a kwalbar turare. Sifirin na gajiya, kowace safiya sai na rataya masa ƙarfen da na san nauyinsa in ga ko yana faɗar gaskiya. Ga auduga a kunne saboda ƙarar inji, ga bokiti a gefe, wanda ba sai na faɗa muku amfaninsa ba. Kanka a sunkuye, ido kan allura, fensir a hannu kana sa alama: nan kan gona, nan kan dutse, nan mun shiga ruwa. Mutum ya yi wannan jirgi na wujijjiga shi kamar tsaba a faifai, sannan ya zo ya ce mini shan iska.

Kowace ƙasa da irin rubutunta. Gonar da aka girbe, in rana ta take, haƙoran zarto take rubutawa, ƙanana masu kaifi. Duwatsun wajen Ngaski manya suke yi, marasa tsari. Inda aka sa wa daji wuta kuwa, allura har bugun bakin ganga take. Ruwa ne mutumin kirki. Da zarar inuwar jirgi ta bar gaɓa ta hau tafki, sai layi ya miƙe sambal, ka samu ka ɗaga kai ka haɗiye miyau.

Masu hulɗa da mu kuwa, ba ranar da muka gamsar da su duka. Manoma na son a yi feshi tun jiya, masunta ba sa son a yi sam. Ardon masu shanu kan zo filin jirgi da sanda a kafaɗa, ya tsaya nesa da farfela ya ce, "Mai Allura, yau ina iska za ta?" In na ce ya matsa da shanu gabas sai ya matsa, bai taɓa musu ba. Na tuna wata fadama a bayan Shanga da na auna da la'asar na ga haƙora, na ce a dakata. Almuru ta yi, iska ta kwanta luf, ko ganye ba ya motsi. Da an yi feshin da ya yi kyau. Kafin mu dawo tsuntsaye sun gama da gonar wani bawan Allah mai suna Ɗantani, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa bai ƙara amsa gaisuwata ba. Aikin ke nan, allura abin da ta gani take faɗa, ba ta san abin da zai zo bayan sallar magariba ba.

Sunan nan Mai Allura matuƙinmu ne ya liƙa mini, Kyaftin Garba. Ɗan tsibiri ne, an haife shi a Gungun Ƙirya, ɗaya daga garuruwan da ruwa ya ci. Yana saurayi aka tashe su, ya yi karatu, ya je Zariya ya koyo tuƙi, ya dawo gida da fararen kaya da baƙin tabarau. Dogo ne, mai dariya da dukan jiki, ga tsokana. In ya ga na yi tsuru-tsuru sai ya karkata jirgi da gangan ya juyo yana ihu, "Mai Allura, rubuta wannan ma!" Amma in aka zo aiki, ban ga hannu mai natsuwa irin nasa ba. Kujerunmu gaba da baya ne, shi a gaba, ƙeyarsa kawai nake gani.

Wata tafiya da hantsi, ban daɗe da fara bin sa ba, muka bar gaɓar Yelwa muka miƙa kudu ta kan ruwa, za mu duba makwancin tsuntsaye a wajen Warra. Ruwa kwance kamar an shafe shi da hannu. Layi sambal. Ina shirin ɗaga kai sai na ji jirgi ya ɗan faɗa, ƙarar inji ta yi ƙasa, allura ta gangara a hankali, ta yi kwana, ta hau ta koma kan layinta. Ba haƙorin zarto ba ne. Lanƙwasa ce mai santsi kamar gindin ƙwarya. Na leƙa ta taga: ba gajimare, ba hayaƙi, ba tsibiri, ruwa ne iya ganinka, sai dutsen bayan Warra da ya daidaita da bakin fiffikenmu na hagu.

Ban kawo komai a raina ba. Amma da muka dawo ta nan, allura ta sake. Washegari ta sake. Da safe, da rana, ana sanyi, ana zafi, in dai dutsen nan ya zo bakin fiffike sai gindin ƙwarya ya fito. Raguwar ƙarar inji ba ta dame ni ba, don kowane matuƙi in ya ji jirgi ya faɗa rami yakan sassauta totur har ya wuce. Na canja sifirin. Na kwance akwatin ɗungurungum na wanke da kananzir. Na kai wa Malam Audu takardun, ya jera su a tabarma ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Isa, iska ba ta zama wuri ɗaya haka. In ka ga ta zauna, wani abu ke riƙe da ita." Wallahi ranar da ƙyar na ci abinci.

Na tambayi Garba ko yana jin wani rami a can, ya ɗaga kafaɗa ya ce shi tuƙi aka ɗauke shi, ramuka nawa ne. Bakanikenmu kuwa ya kai zancen kasuwar kifi, kafin Juma'a gari ya ɗauka mutanen ruwa ne ke jawo jirgi ƙasa. Wata mai suyar kifi har laya ta ba ni in rataya wa akwati. Ban rataya ba, ban kuma yar ba. Tsoro nake ji, ba wani suna da zan ba shi.

Abin a jirgin ruwa ya warware mini, ba a sama ba. Ranar kasuwar Warra na bi jirgin Kawu Tanko, ƙanen mahaifiyar Garba, tsohon masunci da ya koma ɗaukar fasinja. Jirgi maƙil: buhunan albasa, awaki, mata da kwandunan kifi, ga wani mai rediyo ya ƙure waƙa. Muna tsakiyar tafki sai tsohon ya miƙa hannu ya kashe inji. Na ɗauka mai ne ya ƙare, har na shirya tsaki. Sai na ga mai rediyo ya kashe rediyonsa. Mata sun bar hira. Wata ta yi maza ta sa wa jaririnta nono a baki. Wani masunci can gefe a kwalekwalensa ya ɗaga filafili ya ɗora kan cinya, ruwa na ɗiga daga bakinsa, kuma ɗigar nan kaɗai ake ji. Jirginmu na tafiya da kansa a hankali. Kawu Tanko ya dubi ruwa ya ce, ba da ƙarfi ba, kamar mai shiga zauren gidansu, "Salamu alaikum, mutanen gida." Kowa ya motsa baki. Na ɗaga kai, sai ga dutsen bayan Warra a hagu, daidai yadda na san shi.

Da ya tada inji na matsa kusa da shi. "Baba, mene ne a nan?"

"Garinmu na ƙasa, ɗana. Gungun Ƙirya. Da anka tashe mu, masu rai anka ɗauka. Iyayenmu suna nan inda munka bar su. Kai kana wuce ƙofar gidanku da ƙara ba ka yi sallama ba?"

"Kowa ke yin haka?"

"Duk wanda anka haifa nan. Har da mai tuƙa ka. Innarsa na kwance gindin ƙiryar garin, yayata ce."

Tashinmu na gaba ban kalli allura ba. Na cire audugar kunne, na leƙa ta kan kafaɗar Garba. Dutse na zuwa bakin fiffike na ga hannunsa na hagu ya ja totur baya a hankali, hancin jirgi ya sunkuya, haɓarsa ta motsa, sannan ya mayar. Ashe ba ramin ke sa shi rage mai ba, rage man ne ramin. Wata da watanni ina auna gaisuwar mutum da uwarsa ina kiranta iska.

Muna sauka na tare shi a inuwar fiffike, raina a ɓace. "Haba Kyaftin! Ka bar ni ina wanke akwati da kananzir, ina yawo da laya a aljihu?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya daina. "Ba abin faɗa ba ne, Mai Allura. Kai in ka gaida Innarka, rahoto kake kaiwa ofis?"

Na ce inji ba abin wasa ba ne. Ya ce a can sama, da tanki wofi, ko kashe shi ya yi gaba ɗaya zai kai gaɓa yana waƙa. Gaskiyarsa ce, ni ma na san haka. Muka bar ta a nan, muka yi shekaru. Har na saba, in ƙwaryar ta fito sai in sa mata alama in ce wannan ta Garba ce.

Sai shekarar fari ta zo. Damina ta yi rowa, cikar kogin da kan biyo bayanta ba ta zo da ƙarfi ba, tafki ya dinga ja da baya har masunta na doguwar tafiya a laka kafin su kai kwalekwalensu. Gero bai yi ba. Abin da ya rage wa mutane shi ne shinkafar rani ta bakin ruwa. Tun sanyi bai fita ba, wata rana muna tafe na hango baƙin abu a tsakiyar ruwa kamar hannu a miƙe. Ƙiryar ce, ba ganye ba ɓawo. A hankali tudun gaba ɗaya ya fito: gindin katangu, duwatsun niƙa, fasassun tukwane, da layukan duwatsun da ake jerawa kan kabari. Mutanen garin suka riƙa zuwa a kwalekwale suna tsayawa a kai, ba mai magana da ƙarfi. Kafin bazara ta kama, ciyawa da kyauro sun rufe gefensa, kuma duk jan-bakin ƙasar nan, da ya rasa mafaka ko'ina, nan ya zaɓa ya riƙa kwana.

Muka tare a wani fili da aka share mana kusa da Warra. Manoman bakin ruwa suka cika wurin. Wani dattijo ya zazzage kan shinkafa a gaban manajanmu, duk ƙaiƙayi, ya ce in aka ƙara jinkiri sai dai a yi feshin a kan kara. Ba wanda ya ga laifinsu, yunwa ce a bayansu.

Da la'asar muka tashi auno hanya, ƙasa-ƙasa yadda za a yi feshin. Tudun nan yashi ne da busasshiyar laka, ya sha rana tun safe, ga ruwa mai sanyi kewaye da shi. Iska mai zafi na tashi daga tsakiyarsa, a gefe kuma tana zubowa ƙasa. Muna shiga kan tudun sai jirgi ya yi sama kamar an harba shi, muna fita aka danno mu har na ga inuwarmu ta taso ta tarye mu a kan ruwa. Allura ta fantsama mini tawada a wando. A duk aikina ban ga rubutu irin na ranar ba, kuma a tsakiyar haƙoran nan ga 'yar ƙwaryar Garba, bai fasa ba.

Na faɗa wa manaja a gaban Garba: tudun nan ba zai huce da almuru ba, a jira sanyin safiya. Manaja ya ce kafin gari ya waye a ga hanya tsuntsaye sun watse, kuma haka ne. Ya dubi Garba. Garba ya dubi manoman da ke zaune a rana tun safe, ya ce a cika tanki. In tanki ya cika ba a ɗaukata, nauyi ya yi yawa, shi kaɗai ke tafiya.

Na ja shi gefe. "To na ji, za ka. Abu ɗaya nake roƙo. Jirgi da nauyi, kana ƙasa, iska na danna ka. Kada ka taɓa totur. Ka yi sallamarka da baki, don Allah."

Ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga. "Isa," ya ce, kuma bai saba kiran sunana ba, "duk shekarun nan ta bisa ruwa nake gaishe ta. Yau na ga duwatsun kabarinta da idona. Kuma guba zan zuba musu a ka."

Na ga abin ya fi ƙarfina, na ari babur na ɗauko Kawu Tanko daga bakin ruwa. Tsohon ya saurare ni har na gama, ya kama hannun Garba ya ce, "Garba, wagga al'ada ta jirgin ruwa ce, mu munka ɗora wa kanmu, ba aya ba ce. Ni ne babba yanzu, na ɗauke maka ta yau. Ka wuce da ƙararka, ni zan yi maka sallamar daga ƙasa."

"To, Kawu," ya ce. Ya dafa kafaɗata ya ce in je in wanke wandona, na yi kama da ɗan firamare. Hankalina ya ɗan kwanta.

Ni da Kawu muka shiga jirginsa muka tsaya nesa kaɗan da tudun, ta inda iska ba za ta kawo mana magani ba, ina riƙe da farar tutar nuna layi. Akwai kwalekwale da dama, mutanen garin sun zo kallo. Rana ta yi ja. Tsuntsaye suka dinga zuwa ayari-ayari suna zuba cikin kyauro, kukansu kamar ana suya a babban kasko, har suka natsu. Sai muka jiyo shi daga gabas, ƙasa-ƙasa, inji na gurnani da nauyi. Na ɗaga tuta. Ya miƙo sambal, ya hau kan tudun, na ga jirgin ya yi tsalle ya daidaita, ya doshi ƙiryar. Kawu ya buɗe baki zai yi sallamar da ya yi alkawari.

Sai ƙarar ta yi ƙasa.

Kun san abin da ya fi tsaya mini a rai? Duk masu kwalekwalen nan, suna jin inji ya yi shiru, suka ɗaga filafilansu suka ɗora kan cinya. Ba wanda ya ce su yi. Wurin ya yi tsit har ina jin iska na busa a jikin fiffikensa. Ban sani ba ko niyya ya yi, ko hannu ne ya yi abin da ya saba. Ya mayar da totur, na ji injin ya kama da ƙarfi, amma ya riga ya kai gefen tudun inda iska ke zubowa. Jirgin zama kawai ya yi, kamar mutumin da ƙafa ta ƙi ɗauka, ya bugi ruwa marar zurfi ya kife. Tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya, sama ta rufe, muka yi ta tuƙi cikin duhunsu muna kiran sunansa.

Mun fito da shi ba rai. Na yi kuka a gaban mutane, ban ji kunya ba. Da safe Kawu Tanko ya ce ba inda za a kai shi, ga gida. Aka haƙa a gindin ƙiryar kusa da Innarsa, muka yi masa salla a kan tudun, warin magani na tashi daga ruwa, matattun kifi sun yi fari a gefe. Jan-baki bai sake kwana a wurin ba, inda ya koma oho. Wasu sun tsira da shinkafarsu, wasu ba su tsira ba. Da ruwa ya dawo bayan damina, ya hau tudun a hankali, ya rufe duwatsu, ya rufe katangu, ƙiryar ce ta nutse a ƙarshe.

Aka kawo wani jirgi da wani matuƙi, mutumin kudu, mai kirki, ba ya jin Hausa sai sannu. Sunansa ya fi ƙarfin bakinmu, muka ce masa Kyaftin Sabo. An gaya masa matuƙin da ya gada ya faɗi ne wurin feshi, bai san sauran zancen ba, bai ma san akwai gari a ƙarƙashin ruwan ba. Tafiyarmu ta farko kan tafki da sassafe ce, lokacin sanyi, muna can sama, tanki wofi. Na gwada sifirin kafin mu tashi, lafiya lau. Layi sambal tun daga gaɓa. Da na hango dutsen bayan Warra na matsowa sai na ji ba zan iya kallon ruwan ba, na leƙa ta kan kafaɗar matuƙin na kafa ido a kan hannunsa. Hannun ma ba ya kan totur. Gyaɗa yake ɓarewa a cinyarsa yana watsawa a baki.

Dutse ya zo bakin fiffike. Ƙarar inji ba ta canja ba ko kaɗan. Jirgi ya ɗan faɗa. Na sunkuya, sai ga allura na gangarawa a hankali, ta yi kwana, ta hau, ta koma layinta. Gindin ƙwarya ne mai santsi, wanda ko cikin barci aka nuna mini zan gane.

Kyaftin Sabo ya juyo, gyaɗa ta zube masa, yana tambayata da Turanci mene ne wannan. Na buɗe baki in ba shi amsar ma'aikaci, abin da ya fito shi ne, "Salamu alaikum, mutanen gida."

Na kai wa Malam Audu takardar, lokacin ya yi ritaya, ido ya fara rauni. Ya kai ta kusa da hanci ya daɗe. Ya ce mai yiwuwa tudun na kusa da saman ruwa yanzu, ruwan kansa ba zafinsu ɗaya da na gefe ba, iska na iya sauka a nan. Da muryar koyarwa ya faɗa, na ce haka ne, Malam. Ya naɗe takardar ya miƙo mini, amma bai sake ta ba. "Ka dai yi sallama?" Na ce na yi.

Na ƙara shekaru a aikin, na zauna a bayan matuƙa iri-iri, har aka kwance akwatina aka kai sito. Ba kullum ba ne, ba zan yi muku ƙarya ba, wani lokaci mukan wuce layi sambal. Amma ta fito sau da yawa, kuma ba ta taɓa fitowa a wani wuri ba. A taswirar ofis na sa abin da aikina ya yarda in sa: ƙaramin rami, ba haɗari. Ban san fiye da haka ba, na kuma daina tambaya.

To Nasiru, kai da abokanka. Jikan Kawu Tanko ne ke tuƙa jirgin safe. Gobe in kun kai tsakiyar ruwa, dutse na hagunku, zai kashe inji. Kada in ji an ce ɗayanku ya yi tsaki, ko ya tambaya ko mai ne ya ƙare. Ku cire abin kunnen nan, ku kama bakinku har jirgi ya wuce, ku yi sallama. Abokina na ƙasa.